Wai Babu Wurin Zuwa a Katsina!

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman idan hutu ya gabato: wai Katsina babu wurin zuwa. Wai in ba ka je ɗakin abokinka ba, ko ka tare a teburin mai shayi har dare ya raba, to, sai dai ka ja bargo. Da an faɗi haka kuma sai wani ya zaro wayarsa ya nuna maka hoton wani dandali a Amurka ko a Dubai, inda mutum yake sayen tikiti ya shiga wata duniya ta almara ɗungurungum, ya ga fadar aljanu da idonsa, ya yi musabaha da matsafa, ya ci abinci a kasuwar da ba ta taɓa ci a bayan ƙasa ba. Sai ka ji an yi ajiyar zuciya ana cewa, "Kai, mu dai an bar mu a baya." Har akwai masu cewa da hukuma ta san abin da take yi, da tuni ta samo 'yan kwangila sun kafa mana irinsa a bayan gari.

To, jama'a, ni ban yarda ba. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne yadda maganar take fitowa daga bakin masu nazarin Hausa, waɗanda ya kamata a ce su ne farkon masu ƙaryata ta.

Mu fara tambayar kanmu, shin mene ne ake sayarwa a waɗannan wurare? Mai hange daga nesa zai ce lilon ƙarfe ne da fitilu masu launi. Ko kusa! Lilo ai akwai shi a ko'ina, har a Abuja da Kano, yaro ya hau sau biyu ya gundure shi. Hajar da ake sayarwa ita ce tatsuniya. Lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya cikin 1955, abin da ya kafa a tsakiyar wurin fadar wata gimbiya ce ta cikin tatsuniyar Turawa. Fim ɗinsa na 1937 da ya ɗaukaka sunansa, na yarinyar nan da wadanni bakwai, daga cikin tatsuniyoyin da wasu Jamusawa biyu, wa da ƙane, masu suna Grimm, suka tattara suka buga a 1812 aka ɗauko shi. Su wane ne waɗannan Grimm ɗin? Masu nazarin harshe da adabin gargajiya ne, watau irin aikin da mu muka zo jami'a mu koya. Abin da tsofaffin matan Jamus suke faɗa wa jikokinsu kyauta, shi ne yau ake biyan sama da dala 100 a yini ɗaya don a shiga a gani.

Mu fa, ina namu? Tun 1911 zuwa 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu a Tatsuniyoyi da Wasanni. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Botorami, ga Dodo, duk suna nan a kan kanta ƙura ta rufe su. Idan kuwa almarar zamani ake so, ai a nan Katsina Abubakar Imam yake koyarwa lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma yayansa Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki a wannan gasa. Ahmadu Ingawa ya biyo baya da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Garin da ya fitar da waɗannan shi ne wai yau 'ya'yansa suke roƙon a aro musu almara daga ƙetare. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Bari mu bar littattafai mu fita waje. Duk mai bin Ƙofar Durbi safe da yamma, a kan babur ko a Keke Napep, ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa wane ne Durbi? Durbin Katsina shi ne hakimin Mani, yana kuma cikin masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Sunan yana komawa ne ga Durbawa, waɗanda suka riƙe ƙasar nan kafin zamanin Korau. Labarin baka ya ce Kumayau ne na farkonsu, Sanau ne na ƙarshe, kuma a fagen kokawa Korau ya kayar da Sanau bayan matar Sanau ta tona asirin mijinta, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Ku dubi wannan labari da kyau, 'yan'uwa: ga baƙo, ga sarki mai asiri, ga cin amana a cikin gida, ga kokawa a gaban jama'a, ga takobi. Da Bature ne ya gaji wannan, da tuni ya yi masa fim uku, ya gina masa fage, yana karɓar kuɗin ƙofa.

Kuma abin bai tsaya a baka kawai ba. Kimanin kilomita 32 gabas da birni, a ƙasar Mani, akwai Durbi-ta-Kusheyi, inda kusheyin waɗancan sarakuna suke, tudu-tudu. H. R. Palmer ya fara tona su a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 wasu masu bincike ƙarƙashin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta Jamus suka tona wasu uku. Abin da aka samu ya ba duniya mamaki: kayan ado na zinariya, da duwatsun wuya, da wuri, da hauren giwa, da tasoshin tagulla, har da irin waɗanda ake ƙerawa a ƙasashen Musulmi na Gabas. Binciken ya nuna an yi waɗannan jana'izu ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Watau tun a wancan zamani, mutanen da ke bayan wannan ƙofa tamu suna ciniki da nesa duniya. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka baje kolinsu a can a 2011, Jamusawa suka yi ta zuwa kallo, sa'an nan aka maido su Nijeriya a 2014. To, a ajinmu mutum nawa ne suka taɓa taka Durbi-ta-Kusheyi? Kowa ya ba kansa amsa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Sauran wuraren kuwa kowa ya san sunansu, zuwa ne dai ba a yi. Ga hasumiyar Gobarau a tsakiyar gari, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15. Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Ga Ƙofar 'Yanɗaka da Lugard ya shigo ta cikinta a 1903, ga kushewar Wali Ɗanmarina da ta Wali Ɗanmasani, ga rijiyar Kusugu can a Daura.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan ɓoye shi ba, don akwai gaskiya a cikinsa. Za a ce: mun je, me muka gani? Tudun ƙasa da ciyawa, ko bango da allo ɗaya da rana ta cinye rubutunsa, ba inuwa, ba wurin zama, ba mai yi maka bayani. Minti goma ka gama, ka dawo da ƙishirwa. Haka ne. Amma laifin wane ne? Tudun ƙasa ba ya magana, sai an samu mai magana da yawunsa. A yammacin Faransa akwai wani wuri da ake kira Puy du Fou. A 1978 ba komai ba ne illa kangon wata tsohuwar fada. Mutanen ƙauyukan kewaye, manoma da 'yan makaranta, suka taru a matsayin 'yan sa-kai suna nuna tarihin yankinsu da dare a gaban kangon. Yau sama da mutum miliyan biyu ne suke zuwa wurin a shekara. Da kango suka fara, da labari, da mutanen da ba su jin kunyar labarin kakanninsu. Kangon muna da shi, labarin muna da shi. Na ukun ne ya yi mana ƙaranci.

Masu cewa a zuba kuɗi a kafa mana irin na Amurka kuwa, ina so su san cewa ko a can ba kullum ake kwana a gado ba. Kamfanin Disney da kansa ya buɗe wani masauki a Fulorida a watan Maris na 2022, inda baƙo zai kwana biyu kamar yana cikin jirgin sama jannati, ana wasa da shi a cikin labarin. Kuɗin mutum biyu ya kusa dala 5,000. Kafin ƙarshen Satumba na 2023 an rufe shi. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, ina ga mu, da za mu tayar da injunan da janareto, mu jira ƙarfen gyara daga Sin, mu kuma sa kuɗin tikitin da ɗan mai facin taya ba zai iya biya ba? Shekara uku ta yi yawa wurin zai koma makiyayar awaki.

Bilhasali ma, wannan shiga cikin labari da ake ta zuzutawa kamar sabon abu, Bahaushe ya riga kowa. Mene ne tashe? Daga goma ga azumi unguwa gaba ɗaya takan zama fage, yaro ya zama tsoho mai gemu, wani ya zama boka mai magani, matan gida su zama 'yan amshi, ba tikiti ba katanga. Mene ne kalankuwa? Bayan kaka samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, su yi kwanaki suna mulki, duk wanda ya shigo fagen dokar wasa ta hau kansa, har tara ake cinsa. Wasan gauta kuwa a cikin fada ake yinsa, a kwaikwayi sarki a gaban sarki. Hawan salla fa? A Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye, alhali kuwa wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawa ya san namu ba ya jin kunyar na kowa. Duk waɗannan muna kallo suna ja da baya, tashe ya koma bara, kalankuwa sai a takardar jarrabawa.

Akwai kuma masu ganin duk wata shaƙatawa ɓata lokaci ce, ko ƙofar lalacewa. Ba na raina damuwarsu. Mun ga yadda aka yi a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta shirya gina dandalin shirya fina-finai na naira biliyan 3 a Ƙofa ta jihar Kano, malamai da jama'a suka tayar da ƙura, aka janye. Abin da aka sauko da shi daga sama ba tare da an shawarci masu gari ba, haka yakan ƙare. Amma wane malami ne zai hana yaro ya je ya ji tarihin Ɗanmasani, ko ya hau Gobarau a gaya masa yadda aka yi karatu a gindinta? Samarin da ba a ba su wurin zuwa ba, su sukan samar wa kansu, kuma mun san irin wuraren da suke samarwa a kangaye da bayan ganuwa. Batun tsaro ma gaskiya ne, shekarun nan hanyoyin yamma sun yi wuyar bi saboda 'yan bindiga. Sai dai wane ɗan bindiga ne ya tare hanyar Gobarau, ko ta gidan tarihi?

Yanzu bari in juyo gida, Allah ya gafarta malamanmu, a yi mini afuwa. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin neman digiri a kan tashe, da tatsuniya, da ƙofofin gari, da sarautun Katsina. A yi masa bango mai kyau, a ba da maki, a jera a kanta, gara ta gaje shi. Mu kuma 'yan ƙungiya, in an ce Makon Hausa, iyakarmu mu sa babbar riga da hula, mu dama fura, mu ɗauki hoto, mu watse. Wanda ya rubuta shafi ɗari a kan Durbawa amma ba zai iya tsayawa a gaban yara ashirin ya riƙe hankalinsu na rabin sa'a ba, me ya karanta? Ganuwar da muke rubutu a kanta kullum raguwa take yi, masu gini suna ɗiba, ruwan sama yana ɗiba, don ba ta da mai ba da labarinta balle mai kishinta.

Saboda haka ga shawarar da zan gabatar a taron ƙungiya mai zuwa, kuma ina neman masu mara mini baya. A zaɓi Asabar ɗaya a kowane zango. A nemi izinin fada da na hukumar gidajen tarihi, a rubuta wa hakimi takarda kamar yadda ladabi ya tanada. A ɗauko aji ɗaya daga wata firamare ta cikin gari, a tara su a Ƙofar Durbi da hantsi, wani ɗalibi ya gaya musu ma'anar sunan ƙofar da suke wucewa kullum. Daga nan mota ɗaya ta kai su Durbi-ta-Kusheyi, inda 'yan wasan kwaikwayonmu za su riga su isa da makaɗan kokawa, a raba yaran gida biyu, rabi mutanen Sanau rabi mutanen Korau, a yi kokawar a gabansu nesa kaɗan da kusheyin don girmama masu wurin. Kuɗin mota da na ruwan sha da ladan makaɗa, idan kowane ɗan ƙungiya ya ba da abin da yake kashewa a katin waya na mako ɗaya, sun isa. Wanda ya ce ba za su isa ba, ya zo taron da alƙalaminsa mu yi lissafi.