Ra'ayinmu: Wandon jin na gida, a fara da ɗinki kafin tambari

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maradi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ya san wandon jin ya zama tufar kowa: ɗan kabu-kabu, ɗan makaranta, magini, har ma'aikacin gomnati ranar hutu. Sai dai in ka juya bayan wandon ka duba tambarinsa, da wuya ka ga sunan Nijar. Ko dai sabo ne daga Sin ko Turkiyya, ko kuwa bosho ne da aka kwance daga dila. Saboda haka duk matashin telan da ya ƙuduri niyyar kafa ƙaramin kamfanin wandon jin nasa, mai ƙarko, wanda kuma ba ya ɓata muhalli, muna yi masa fatan alheri. Amma fatan alheri ba ya biyan kuɗin hayar shago, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗa masa gaskiya tun bai zuba jarinsa ba.

Kada ya yi gasar araha da bosho, don ba zai ci ba. Mai bosho bai noma auduga ba, bai saƙa ba, bai biya tela ba. Shi kuwa mai sabon ɗinki zai sayi yadi, zare, zif da maɓalli, kusan duka daga waje, kuma tun bayan rufe iyakar Benin a 2023 ƴan kasuwa sun san yadda shigo da kaya ya ƙara wuya. Abin da zai iya sayarwa shi ne abin da dila ba ta da shi: wando daidai jikin mai shi, ɗinki mai ƙarfi, da alkawarin gyara in ya yage. Asalin wandon ma ke nan. Tela ne, Jacob Davis, ya ƙirƙiro sa ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu don kada ya ɓarke wa ma'aikata, shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar a Amurka a 1873. Ƙarko aka fara sayarwa, ado ya zo daga baya.

Sai maganar muhalli, wadda muka lura wasu na ɗaukar ta kamar kalmar buɗe ƙofar masu ba da tallafi. Kamfanin Levi's da kansa ya ƙiyasta a 2015 cewa wando ɗaya nasa yana cin lita 3,781 ta ruwa, tun daga gonar auduga har zuwa wankin da mai shi zai yi ta yi. Kusan tano 19 ke nan. Mutumin Damagaram da ke jiran ɗan ga-ruwa tun asuba ba ya buƙatar a fassara masa wannan lissafi. Mafi yawan ruwan a gona yake tafiya, don haka telan da ya sayi tarin tsofaffin wandunan da suka kasa sayuwa a kasuwa, ya warware su, ya fitar da sabon wando ko jakar makaranta, ya fi wanda ya yi odar sabon yadi ya liƙa masa hoton ganye kyautata wa ƙasa. Haka nan ya guji koɗar da wando da gangan don ya yi kama da tsoho. Ƙasar Turkiyya ta hana fesa wa yadin rairayi a 2009, bayan ƙurar ta lalata huhun ma'aikata, wasu suka mutu. A nan kuwa, wanda ya wanke yadi da sinadari ya kwarara ruwan a lungu, ƴaƴan maƙwabta ne za su taka shi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne launin. Shuɗin wandon jin ai launin baba ne, kuma ƙasar Hausa ta san baba tun kafin a san Amurka da wannan wando. Karofin Ƙofar Mata ta Kano na nan har yau, rawani ɗan Kura kuwa ya daɗe yana ratsa Damagaram zuwa Agadas. Tun da wani kamfanin Jamus, BASF, ya fara sayar da baban sinadari a 1897, kasuwar na ganye ta riƙa ja da baya, marina suka riƙa tsufa babu magada. Ba mu ce a rina dubban wanduna a karofi ba, aikin na da jinkiri kuma launin na zuba a wankin farko. Amma wanda ya fitar da ƴan wanduna kaɗan rinin gida, ya sa musu tambarin fatar jar akuyar Maradi, wadda duniya ta san ingancinta, ya riƙe abin da babu shi a kowace dila.

Kuma ya fara da kaɗan. Kamfanin 1083 na Faransa ya soma a 2013 ne da karɓar oda da kuɗin masu saye kafin ya ɗinka. Telolinmu sun saba da wannan a kowace sallah, kafin alƙalami suke kiran sa. Keken da ke ɗinka shadda ba lalle ya iya yadin jin mai kauri ba, musamman inda ɗinki ya haɗu ninki huɗu, don haka kuɗin da za a kashe wajen bikin buɗe shago da buga hotuna a Facebook gara a sayi keke mai ƙarfi da su. Wandon farko ya ba maƙeri ko mai gyaran babur ya sa wata uku, ya dawo da shi a ga inda ya fara ci.

Mahukunta ma suna da nasu kason. Ana yawan kiran jama'a su sayi kayan gida, alhali ƙaramin tela na biyan fatanti tun bai sayar da wando goma ba, wutar lantarki kuma ta ɗauke masa tsakiyar aiki. Muna kira da a sassauta kuɗin duwan a kan kekunan ɗinki da kayan gyaransu, cibiyoyin koyon sana'a su koyar da yankan yadi mai kauri, sannan ma'aikatun da ke sayen tufafin aiki ga direbobi, masu shara da masu gadi su keɓe wani kashi na odarsu ga telolin garuruwan da suke.