Wa Zai Rubuta Tarihin Kakuri?

Wanda ya zauna a Kakuri ko Makera cikin shekarun 1970 da na 1980 bai bukaci agogo ba. Jiniyar masaƙu ita ce agogon unguwa: da ta yi kuka sai masu aikin dare su fito, na safe su shiga, hanya ta cika maƙil da kekuna, masu koko da ƙosai su yi cinikin da zai kai su gobe. Yau galibin ƙofofin nan a garƙame suke, ciyawa ta rufe harabar. Yaron da ya kama aiki gaban injin saƙa yana ɗan shekara ashirin cikin 1970 yanzu ya ba saba'in baya, kuma tsararrakinsa ana ta kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke cikin kawunansu tare da su ake binne shi.

Akwai masu iya ceto wannan dukiya kafin ta salwanta, amma su ne waɗanda aka fi rainawa a jami'o'in ƙasar nan, watau ɗaliban da suka gama digirin farko a fannin tarihi ko harsuna ko adabi, suka koma neman na biyu. In saurayi a Barnawa ya ce wa mahaifinsa zai koma jami'a ya ƙaro ilmin tarihi, tambayar da zai fara ji ita ce, me za a ci da shi? Da aikin injiniya ko na akanta ya ambata, da an sa masa albarka nan take. Hukuma ma ra'ayinta bai yi nisa da na mahaifin ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta daɗe tana cewa kashi sittin cikin ɗari na guraben jami'a a ba masu kimiyya, sauran fannoni su raba arba'in. An ma taɓa cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, yara suka yi ta fita shekara da shekaru ba su karanta shi ba, sai cikin 2022 aka yi bikin mayar da shi.

Mutane da yawa sun ɗauka digiri na biyu ƙarin zama ne a aji ana sauraron malami. Ba haka ba ne. Digirin farko ɗalibi yake karɓar abin da wasu suka gano. A na biyu kuwa shi ake sa wa ya fita ya gano, ya tambayi dattawa, ya tone tsofaffin takardu, ya auna maganar wannan da ta wancan, sa'an nan ya rubuta kundi ya kāre shi gaban malamai. A Afirka ta Kudu da Ostareliya har shekara guda suka ware tsakanin digirin farko na shekara uku da digiri na biyu, wadda ɗalibi ke koyon bincike a cikinta ya rubuta ɗan kundi. A nan digirin farko shekara huɗu ne, saboda haka bincike na sosai sai an je na biyu. Ta wannan hanya ce marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana tattara labari daga bakin tsofaffi, har ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1974. Dattawan da ya zauna da su duk sun riga mu gidan gaskiya, amma abin da suka faɗa yana nan ana karantawa.

To, kudancin Kogin Kaduna yana jiran irin wannan aiki, kuma abin rubutawa ba kaɗan ba ne. Ƙasa ce ta Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, tun kafin Gwamna Lugga ya ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru ya kawo ta Kaduna cikin 1917. A wannan ɓangare ne babbar tashar jirgin ƙasa take, inda layin Ikko da na Fatakwal suka haɗu. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin hukumomin Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, domin audugar Funtuwa da Gusau ta daina zuwa Ingila ta dawo a matsayin yadi mai tsada. Cikin shekarun 1960 Arewa Textiles ta biyo baya da jarin mutanen Japan, United Nigerian Textiles kuma da na 'yan kasuwar Hong Kong. Masana'antar makamai ta soja tana nan tun 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki cikin 1975, aka buɗe matatar mai cikin 1980. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu cikin 1982, daga baya ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, ya kuma yi Gwamnan Jihar Edo. Sa'an nan rana ta juya: Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya cikin 2007, ko da yake an sake buɗe ta cikin 2010.

Ba a ce ba a rubuta kome ba. Waɗansu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun buga littafi a kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu cikin 1998. Elisha Renne ta Amurka da Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello sun rubuta tarihin tashin masaƙun da faɗuwarsu, ita Renne kuma ta bi matan ma'aikatan Kaduna Textiles da mazajensu suka rasu ba a biya su haƙƙinsu na sallama ba. Sun yi abin a yaba musu. Sai dai da Turanci aka rubuta, a ƙasashen waje aka buga, kuma kuɗin littafi guda ya fi ƙarfin gwauruwar da aka ba da labarinta a ciki. Bayan haka, mutum uku ko huɗu ba sa iya ƙare labarin gari guda.

Tambayoyin da suka rage su ne masu zafi. Masaƙun nan sun tara Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Banufe da Bayarabe da Ibo a ɗaki ɗaya na aiki, suka yi haya a gida ɗaya, matansu suka ɗebi ruwa a famfo ɗaya. Da wace irin Hausa suka yi magana da juna? Mai nazarin harshe yana da kundi guda a nan, domin Hausar Kakuri da Nasarawa ba ta Kano ba ce, ba kuma ta Zazzau ba. Yaya aka yi bikin Salla da na Kirsimeti a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu? Wa ya auri wa? Rikicin watan Fabrairu da na Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, ya sa jama'a suka kwashe kayansu suka bi addininsu, har kogin da ya kamata ya zama abin shan ruwa ya kusa zama iyaka, akasarin Musulmi a arewa, akasarin Kirista a kudu. Yaron da aka haifa a Sabon Tasha ko Tudun Wada bayan wannan lokaci bai san wata Kaduna ba sai wannan, yana iya ɗauka haka Allah ya halicci garin. Waɗanda za su iya gaya masa cewa ba haka aka faro ba su ne tsofaffin ma'aikatan nan. Haka kuma ba a gama tantance ko rufewar masaƙu, da zaman banzan da ta jefa dubban iyalai a ciki, tana da hannu wajen rura wutar rigingimun ba. Ana faɗar hakan a majalisar hira, amma hira daban, hujja daban.

Masu sukar irin wannan karatu suna da abin faɗi, bai kamata a toshe kunne ba. Gaskiya ne da yawa suna neman digiri na biyu ne don ƙarin girma a ofis, su zaɓi batun da aka riga aka tattake, su kwafo daga kundin wani. Gaskiya ne kundaye na nan jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i, ƙura ce kaɗai ke ziyartarsu. Karatun shekara biyu kan koma huɗu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye. Wanda yake da iyali, albashinsa kuwa na malamin sakandare ne, in ya ce ba zai iya ba, ba za a ga laifinsa ba. Amma duk wannan laifin yadda ake gudanar da karatun ne. In rijiya ta yi datti yashe ta ake yi, ba cike ta ba. Shi kuma mai cewa tarihi ba ya ba da tuwo, sai a tuna masa cewa gwamnatoci sun sha yin alkawarin farfaɗo da masaƙu. Wanda bai san takamaiman abin da ya kashe su ba, ko wutar lantarki ce, ko yadin fasa-ƙwauri, ko rushe hukumar cinikin auduga cikin 1986, ko sakacin masu gudanarwa, kuɗin jama'a zai zuba cikin kwando.

Abin mamaki shi ne kayan aikin duka suna cikin garin, gada kawai za a haye. Gidan Arewa, tsohon gidan Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya fara shugabanta. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana kan titin Yakubu Gowon da fayilolin Lardin Zazzau da na Gwamnatin Arewa. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa cikin 2004, tana da sashen tarihi da makarantar manyan digirori. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda aka kafa cikin 1978, hedkwatarta a Kaduna take. Ɗalibin Ingila sai ya sayi tikitin jirgin sama kafin ya ga abin da ɗalibin Narayi zai gani da kuɗin motar haya.

Saura wanda zai ɗauki nauyi. Asusun tallafa wa manyan makarantu na Gwamnatin Tarayya malaman jami'a da na kwalejoji yake biya wa kuɗin ƙaro ilmi. Malamin tarihi na sakandare a Kakuri ba ya ciki, alhali shi ne ya fi kowa dacewa da aikin, don a unguwar yake kwana, mai yiwuwa ma ɗan ma'aikacin masaƙa ne, dattawa za su saki jiki da shi. Ya kamata hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kaduna ta ware gurabe, ko da goma ne a shekara, ga masu digiri na biyu da za su yi bincike a kan unguwannin kudancin kogi, a kuma zaɓo su daga ɓangarorin garin biyu, a haɗa ɗan Rigasa da ɗan Unguwar Romi su yi aiki tare. Jihohin Arewa da suka gāji Kaduna Textiles su ma akwai abin da ya rataya a wuyansu: rajistar ma'aikata da littattafan albashi da wasiƙun kamfani, duk abin da ya saura, a kwashe shi zuwa Gidan Arewa tun gara ba ta riga masu bincike ba.

Sharaɗi guda kuma ya kamata jami'a ta gindaya wa duk wanda ya ci wannan tallafi. Muryoyin da ya ɗauka a ajiye su a Gidan Arewa da sunan masu su, in sun yarda. Kundin kuma a taƙaita shi da Hausa cikin ɗan littafi mai araha, a koma Kakuri a karanta wa waɗanda suka ba da labarin, su gyara inda aka yi kuskure, kafin a miƙa wa ɗalibi takardar shaidarsa.