Baƙuwar Ciyawa Na Cin Makiyaya A Ƙasar Mubi

'Yan Arewa da suka daɗe a Ikko ba su manta da shekarar 1984 ba, lokacin da wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa ta shigo ta Badagry, ta toshe hanyar jiragen kwale-kwale, ta hana masunta jefa koma. Asalinta daga kogin Amazon ne, can Amurka ta Kudu. Cikin mako biyu kacal tana iya ninka kanta.

To, a gida ma akwai irin wannan baƙuwa, sai dai ita a tudu take. Sarakuwar sauro, wadda ita ma daga nahiyar Amurka ta fito, ta kama gefen hanya da burtali da saura a ƙasar Mubi da sauran sassan Adamawa. Shanu ba sa cinta saboda warinta, ita kuwa inda ta yi kauri ba ta barin ciyawar kirki ta tsiro. 'Ya'yanta na maƙalewa a gashin dabba, ga shi kuwa daga kasuwar shanu ta Mubi ake lodin tireloli zuwa Kudu.

Ta yaya tsiro zai baro ƙasarsu ya fi 'yan gari ƙarfi? Masana sun ce ba lalle sai ƙwayoyin gadonsa sun sāke ba. Akwai waɗansu ƙananan alamomi da ke hawa kan ƙwayoyin, su buɗe wannan su rufe wancan, gwargwadon zafi ko fari ko gishirin ƙasa. Kamar wasali ne a rubutun ajami: baƙi ɗaya, amma karatu ya bambanta. Wani bincike na 1912 ba zai gano haka ba, amma a 2012 an duba wata ciyawar Japan da ta mamaye gabashin Amurka, aka tarar ƙwayoyin gadonta kusan ɗaya ne ko'ina, alamomin nan kuwa sun bambanta tsakanin ta bakin teku da ta gefen titi. Har yanzu dai masana na gardama kan ko alamomin na daɗewa cikin zuriya.

Abin da ya shafi mai fataucin shanu a Agege shi ne, idan makiyaya ta ƙuntata, garke zai faɗa gona, rigima ta tashi, kuɗin sa ya hau. Mubi tana da jami'ar jiha tun 2002, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Ya kamata malamansu su auna fāɗin filin da ciyawar ta cinye. Kafin nan, mai aika kuɗin noma gida ya ƙara da na tuge ta tun ba ta yi fure ba.