Me Ke Sa Launi Ya Koɗe a Sabon Akwatin Talabijin?

 A makon nan za mu duba wata matsala ce da ta shiga gidaje da yawa tun lokacin da kallon fim ta hanyar intanet ya zama ruwan dare. Magidanci zai tara kuɗi ya sayo babban akwatin talabijin, an buga haruffan HDR ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa. Amma da zarar an kunna fim sai hoto ya yi fari-fari kamar ana kallonsa ta cikin hazon hunturu. Ja ya koma ruwan hoda, kore ya dushe, baƙi ya zama toka-toka, fuskokin mutane kuwa sai ka ce yanzu suka tashi daga jinya. Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce jabu aka sayar masa, wani ya kinkimi akwatin zuwa wurin mai gyara, a kwance masa lafiyayyen kaya, a karɓi kuɗinsa a banza. Alhali kuwa sau tari akwatin lafiyarsa ƙalau, saiti ne bai daidaita ba, kuma da rimot ɗin da ke hannunka kana iya gyara shi ba tare da ka kashe ko sisin kwabo ba.

Kafin a kai ga magani, ya kamata a san asalin cutar. Hoton da ke zuwa ta intanet lambobi ne zalla. Kowane ɗigo na hoton yana tafe da lambar da ke faɗa wa akwati yawan hasken da zai fitar da irin launin da zai nuna. Akwai tsohon ma'auni na karanta waɗannan lambobi, wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke birnin Geneva ta tsayar a shekarar 1990, ana ce masa Rec. 709. An tsara shi ne bisa ƙarfin tsoffin akwatuna masu ƙaton baya, waɗanda farinsu bai wuce nit 100 ba. Shi nit, awon haske ne, kwatankwacin hasken kyandir guda a kan fili mai murabba'in mita ɗaya. A wannan tsohon ma'auni, tsakanin baƙi da fari matakai 256 ne kacal, kuma bai ɗauki fiye da kimanin kashi 36 cikin 100 na launukan da idon ɗan Adam ke iya gani ba.

Sabon tsarin da ake kira HDR, watau hoto mai faffaɗan haske, ya zo da nasa ma'auni dabam. Kamfanin Dolby na Amurka ne ya ƙirƙiro hanyar lissafin haskensa, aka amince da ita a shekarar 2014, sa'an nan ƙungiyar nan ta Geneva ta tattara dokokinsa a 2016. Wannan ma'auni yana kaiwa har nit 10,000, matakansa 1,024 ne ko fiye, kuma yana iya ɗaukar kimanin kashi 76 cikin 100 na launukan da ido ke gani. Nufin masu shi shi ne walƙiya ta fito da ƙyallinta, duhun ɗaki kuma ya fito da abin da ke cikinsa, duka a hoto guda.

To, a nan gizo ke saƙa. Ka ɗauka mai hatsi ya aiko maka da takarda ya rubuta "biyar", yana nufin tiya biyar, kai kuwa ka auna da gwangwanin madara. Lambar daidai take, mudun ne ya saɓa. Haka abin yake idan hoton sabon ma'auni ya faɗa hannun akwatin da ke karatu da tsohon. Farin da tsohon ma'auni ke ajiyewa a ƙololuwa, watau nit 100, a sabon ma'auni yana wajen tsakiyar tsani ne. Saboda haka akwatin zai nuna shi a matsayin ruwan toka, sauran hoton kuma ya cunkushe a tsakiya, babu fari tas, babu baƙi wuluk. Launi ma haka. Lambar da ke nufin ja jawur a faffaɗan ma'auni, idan aka karanta ta a ƙunƙuntacce sai ta ba da ja mai ruwa-ruwa, kamar zanen da ya sha wanki. Wannan saɓani shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake ji.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, sabon tsarin ba iri ɗaya ba ne. Akwai HDR10, wanda ya fito a 2015, kuma kusan kowane akwati mai wannan tambari ya san shi. Akwai Dolby Vision na 2014, wanda sai kamfani ya biya lasisi kafin ya sa shi a kayansa. Akwai HDR10+ da Samsung da Amazon suka fitar a 2017. Akwai kuma HLG, wanda gidan BBC na Ingila da gidan NHK na Japan suka haɗa kai suka tsara domin watsa shirye-shirye kai tsaye. Akwatunan Samsung, alal misali, ba su karanta Dolby Vision. Manhajoji irin su Netflix kan tambayi akwati abin da ya sani, su aiko masa da shi. Amma in fim ne da aka sauko da shi aka zuba a filasha, babu wannan tambaya, shi ya sa wani lokaci za a ga hoton ya rine da shunayya da kore.

Yanzu sai mu bi matakan gyara ɗaya bayan ɗaya, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙa canza abu guda yana duba sakamakonsa kafin ya taɓa na gaba.

Na farko, a tabbatar akwatin ya gane abin da aka aiko masa. Galibin akwatuna kan nuna ɗan tambari a kusurwa na 'yan daƙiƙu idan fim mai sabon ma'auni ya fara. In babu, a danna maɓallin bayani a rimot. Sa'an nan a gwada fim ɗin nan da manhajar da ke cikin akwatin kansa, a kuma gwada shi ta na'urar da aka jona daga waje. In ya yi kyau a ciki ya koɗe a waje, to an san laifin yana tsakanin na'urar da wayarta da kafar da aka cusa ta.

Na biyu, a buɗe kafar HDMI. Akwatuna da yawa sukan fito daga masana'anta da kafofinsu a tsuke, domin su dace da tsoffin na'urori, sai mai shi ya buɗe da kansa. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa wannan saiti. A Samsung za a ga an rubuta Input Signal Plus, a LG kuwa HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony da Hisense a nemi kalmar Enhanced. Kowace kafa da nata saitin, kuma a wasu akwatuna kafa ɗaya ko biyu ne kaɗai ke da cikakken ƙarfi. In wayar ta ratsa ta cikin na'urar sauti kafin ta isa akwati, a cire a jona kai tsaye a gani, don tsoffin na'urorin sauti sukan tare hanya.

Na uku, ita wayar kanta. Ana bukatar wadda za ta iya ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, wadda akan rubuta wa Premium High Speed a jikin ledarta. Amma fa kada wani ya ruɗe ka da cewa waya mai tsada tana ƙara wa launi armashi. Lambobi take ɗauka, ko su isa ko su kasa isa. Alamar raunin waya ita ce hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko a ga ɗige-ɗigen fari suna ƙyalƙyali, ko na'ura ta ƙi shiga sabon tsarin.

Na huɗu, a duba awon baƙi. Wannan wani saɓanin mudu ne mai zaman kansa. Na'urorin fim suna lissafa baƙi daga lamba 16, fari a 235, kwamfuta kuwa daga 0 zuwa 255. Idan na'ura ta aiko da 16 tana nufin baƙi, akwati kuma yana jiran 0, to baƙin zai fito toka-toka, ko da fim ɗin na tsohon ma'auni ne. A nemi saitin da aka rubuta wa Black Level ko RGB Range a ɓangarorin biyu, a bar su su zaɓa da kansu, in hakan bai yi ba a sa su duka a kan Limited ko Low.

Na biyar, kada a tilasta wa kowane shiri sabon tsarin. Ƙananan na'urorin kamo fim irin su Apple TV da Fire TV suna iya mayar da duk abin da ya ratsa su zuwa HDR, har da shirin da ba a yi shi da wannan ma'auni ba. Labarai, da wasannin kwaikwayo, da galibin finafinanmu na Hausa da ke YouTube, duk na tsohon ma'auni ne, kuma idan aka cusa su cikin rigar da ba tasu ba sai su yi wani iri. A Apple TV a kunna Match Dynamic Range, a Fire TV a zaɓi Adaptive, domin kowane shiri ya fito da kamanninsa na asali. Mai amfani da kwamfuta mai Windows kuwa, ya kashe HDR in yana aikin rubutu, ya kunna in zai kalli fim. Danna maɓallin Windows da Alt da B a lokaci guda yana yin wannan aiki.

Na shida, a kula da hasken akwati da na ɗaki. Akwatuna da yawa suna zuwa da saitin tsimin wuta a kunne, wanda ke rage ƙarfin fitilun da ke bayan gilashi. Sabon tsarin kuwa da waɗannan fitilu ya dogara. A kashe tsimin, a zaɓi yanayin hoto na sinima ko Filmmaker Mode, a kuma tuna cewa akwatin yana ajiye saitin sabon tsari dabam da na tsoho, don haka sai fim ɗin yana tafiya za a gyara. Wanda ke kan batir ko hasken rana ya san wutar da akwatin zai sha za ta ƙaru, sai ya auna wanda ya fi masa. Har ila yau, masu shirya waɗannan finafinai a ɗaki mai duhu-duhu suke daidaita su. Falon da rana ke dukansa da tsakar azahar zai cinye hoton komai kyawun akwati. Sakin labule kaɗai yakan yi abin da awa guda ta danne-danne ba ta yi ba.

Akwai gaskiya guda mai ɗaci da ya wajaba a faɗa. Tambarin HDR a jikin kwali yana nufin akwatin yana iya karɓar hoton ne kawai. Bai yi alkawarin zai iya nuna shi yadda ya kamata ba. Ana shirya finafinai da yawa a kan nit 1,000, wasu ma 4,000, alhali akwati mai sauƙin kuɗi da ƙyar yake kaiwa 300. Dole ya tsuke hoton ya dace da ƙarfinsa, kamar tela yana rage babbar riga ta koma ta yaro, kuma ba kowane tela ya iya wannan aiki ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In an bi duk matakan nan hoton bai gyaru ba, to a kashe HDR daga na'urar, a kalli fim da tsohon ma'auni. Zai fi haske, launinsa kuma zai fi zama daidai. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Game da intanet, rauninsa yana sa hoto ya yi dishi-dishi ko ya riƙa tsayawa, amma ba shi ke koɗar da launi ba, don haka kada a ƙara kuɗin data da nufin gyara launi. Kamfanin Netflix ya ce hotonsa mafi kaifi yana bukatar megabit 15 a daƙiƙa, kuma yana iya cin gigabait 7 a awa ɗaya. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga aljihun ma'aikaci. Wanda akwatinsa ba shi da ƙarfin nuna bambancin, asara ce ya biya kuɗin babban tsari.

Masu ɗaukar hoton biki da suna da wayar hannu su ma abin ya shafe su. Tun daga iPhone 12 ta shekarar 2020, wayoyin Apple suna ɗaukar bidiyo da Dolby Vision, wasu wayoyin Samsung kuma da HDR10+. Hoton zai yi kyau a wayar mai shi, amma in aka tura wa 'yan'uwa masu tsoffin wayoyi, ko aka kai wa mai haɗa bidiyo wanda manhajarsa ba ta san tsarin ba, sai kwalliyar amarya ta fito a koɗe. Biki kuwa ba a maimaita shi. In an san hoton zai zaga dangi, a shiga saitin kyamara a kashe HDR tun kafin a fara ɗauka.

Wanda kuma bai riga ya saya ba, ya tambayi mai kanti ƙarfin hasken akwatin da nit, in bai sani ba a duba lambar samfurin a intanet. Ya nemi a kunna masa fim mai duhu, da shirin labarai na yau da kullum, ban da hoton furanni da tsuntsaye da kamfani ya shirya musamman domin talla. Ya kuma karɓi rasit da takardar garanti, ya hana kowa kwance akwatin muddin wa'adinta bai ƙare ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nan za mu dakata.