"Ɗana ne, ba mai tilasta ni": ɗan maƙwabcinka fa?



Duk lokacin da masu rigakafi suka shigo unguwa, sai ka ga wasu magidanta sun rufe ƙofa, suna cewa 'ya'yansu ne, babu wanda zai ɗiga musu komai sai da yardarsu. Maganar yarda gaskiya ce, kuma tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Saboda haka uban da ya tsayar da ma'aikacin lafiya ya tambaye shi sunan allura da amfaninta, haƙƙinsa ya nema, dole a ba shi amsa.

Amma wanda ya ƙi tun bai saurara ba, ba kansa kaɗai ya jawo wa ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo ba sai Yulin 2004. Sakamakon haka cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya. Yaran da suka gurgunce a can, wa ya nemi yardarsu? Sai 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan shekaru na wahala. Ga mashaƙo kuma da ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, akasarin waɗanda ya kama ba su da cikakken rigakafi.

Ku duba ƙyanda. Sai jariri ya kai wata tara ake yi masa allurarta. Kafin nan, abin da ke kare shi bayan ikon Allah shi ne yaran da ke kewaye da shi sun samu tasu. Ɗanka yana Islamiyya ɗaya da yayyen jaririn nan, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, Keke Napep ɗaya suke shiga zuwa kasuwar Jimeta. In ka ƙi, ka yanke hukunci a kan gidan da bai wakilta ka ba.

Masu cewa tawakkali kuma su tuna Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji akwai annoba, kuma ba wanda ya fi shi sanin ƙaddara a cikinmu.

Duk mai shakka ya je asibitin unguwa ko wurin mai unguwa ya yi tambaya har ya gamsu. Iyaye mata, ku duba katin rigakafin yaranku yau, a cike abin da ya rage.

Allah Ya kare mana zuri'a, amin.

Sakataren ƙungiya