Na'ura Ba Ta Biyan Asara: Gallabat da Gaggawar Cusa Ƙirƙirarriyar Basira Cikin Kasuwanci

Tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamba na 2022, wani ra'ayi ya mamaye tarukan 'yan kasuwa da kwasa-kwasan horar da ma'aikata: duk kamfanin da bai sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kowane mataki na aikinsa ba, takwarorinsa za su wuce shi, ba kuma zai sake cim musu ba. Masu wannan ra'ayi kan ɗora laifin jinkiri a kan ma'aikata, su ce tsoro ne ko ƙyuya. Ra'ayin kuskure ne, kuma kuskurensa na iya cinye jarin mutane. Garin Gallabat, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, wuri ne da ya dace a auna shi.

Gallabat tana bakin iyaka, tana fuskantar Metema ta ƙasar Habasha, gada ce kawai tsakaninsu. Cikin waɗanda suka raya ta tun ƙarni na 18 akwai mahajjata daga yamma, waɗanda ake kira Takarir, da suka yada zango a hanyar Makka har zangon ya zama gida. A nan ne Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya rasa ransa a yaƙi da mayaƙan Mahadi a 1889. Jihar Gadarif kuwa rumbun Sudan ce: dawa da riɗi da ƙaro, da manyan gonakin damina da ake nomawa da tarakta tun shekarun 1940. Hausawa na cikin manomanta da fatakenta. Ta wannan gada leburori daga Habasha ke shigowa yankan riɗi da kaka, ta nan kuma gahawa da zuma da tafarnuwa ke ƙetarowa.

Aikin gidan fatauci a irin wannan wuri a rarrabe yake. Akwai maigida mai jari, akwai akawu mai riƙe littafi, akwai dillali, mai awo, direba, da wakilin da ke fitar da kaya a kwastan. Mai tallar manhaja yakan dubi wannan jeri ya ga wasiƙu da lissafi da fassara waɗanda na'ura za ta gama cikin daƙiƙa. Gaskiya ne za ta gama. Sai dai ba a nan cinikin ke tsayawa ba.

Abin da ke tsayar da shi sananne ne ga duk wanda ya bi labarin Sudan tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023. A watan Fabrairu na 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a faɗin ƙasar, manhajar Bankak ta Bankin Khartoum, wadda mutane suka dogara da ita saboda ƙarancin takardun kuɗi, ta tsaya cik. A watan Satumba na shekarar hukumomin Gadarif suka rufe mashigar Gallabat bayan mayaƙan Fano na Habasha sun shiga Metema. A Disamba aka fara canjin takardun fam 500 da 1,000. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da saurin rubuta wasiƙa ke magancewa. Abin da ya fi muni, gidan da ya kwashe lissafin bashinsa da jerin masu kawo masa kaya ya zuba su a manhajar da ba ta aiki sai da intanet, ranar da layi ya ɗauke ba shi da abin dubawa, alhali maƙwabcinsa mai littafi da biro yana ci gaba da awo.

Matsala ta biyu tana cikin yadda na'urar take aiki. Waɗannan manhajoji sun koyi harshe ne daga tarin rubuce-rubucen intanet, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Mafi yawan rubutun na Turanci ne. Larabcin kasuwar Gadarif, da Hausar mutanen Sudan, da Amharik na direbobin Metema, kaɗan ne daga cikinsu ya taɓa hawa takarda. Google Translate ma sai a 2013 ta ƙara Hausa, Amharik a 2016, Tigrinya a 2022. Amma ƙarancin sani ba ya hana na'urar amsawa. Tana amsawa da lafazi mai santsi, ba inda-inda, kuma santsin ne ke sa mai karatu ya sake jiki.

Ga inda haɗarin yake a wannan iyaka musamman. A Sudan ana cinikin riɗi da ƙinɗar, wanda bai wuce kilo 45 ba. A Habasha ana yi da kuntal mai kilo 100. Dawa kuma a Sudan da ardab ake lissafa ta, gona da faddan. Kalandar Habasha tana da wata 13, tana bayan ta Miladiyya da shekara bakwai ko takwas gwargwadon watan da ake ciki, sabuwar shekararsu kuma a Satumba take. Agogonsu daga wayewar gari yake fara ƙirga, don haka ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, ga kuma tazarar awa ɗaya tsakanin lokacin ƙasashen biyu. Fam na Sudan da birr na Habasha kowanne yana da farashin banki da na kasuwar bayan fage, suna kuma motsi kullum. Tsohon akawu yana riƙe da duk wannan a ka, yana kuma sanin wane ma'auni abokin cinikinsa ke nufi ko bai faɗa ba. Saƙon murya guda da na'ura ta mayar rubutu, ta fassara, ta cusa cikin takardar ciniki, in ma'auni ya sauya a hanya, kuskuren ya haura ninki biyu a kan kowane buhu. Ba wanda zai lura sai mota ta iso.

Daga nan sai babbar tambayar da masu gaggawa ba sa son tsayawa a kanta: in an yi asara, wa zai biya? Fatauci a ƙasar Hausa da duk inda Hausawa suka kai shi a kan lamuni aka gina shi. Dillali yana cin la'ada ne domin ya tsaya wa baƙo, in kaya suka salwanta shi ake kamawa. A Gadarif ma ɗan kasuwa kan ba manomi kuɗi ko iri da damina a kan amfanin da za a girbe, tsarin da ake kira shel, kuma abin da ke riƙe da shi sanin juna ne: wane ne mahaifin manomin, yaya gonarsa ta yi bara, wa zai shiga tsakani in ruwa ya ɗauke. Manhajar da ta ba da shawarar a ba wane bashi ko a hana shi ba ta da suna a unguwa da za ta ji kunyar ɓatawa.

Kotuna a ƙasashen da suka ƙera manhajojin ma sun riga sun yanke wannan magana. A watan Fabrairu na 2024 wata kotun sulhu a lardin British Columbia na Kanada ta tilasta wa Air Canada biyan wani fasinja da manhajar hirar kamfanin ta ba shi bayanin ƙarya kan rangwamen tikiti, ta kuma yi watsi da hujjar cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. A Yuni na 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙaga. A duka biyun, wanda ya yi amfani da na'urar ne ya biya. Air Canada na da aljihun da zai shanye irin wannan. Falken da jarinsa mota ɗaya ce ta riɗi ba shi da shi.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a littafi. Yaron shago yana zama akawu ne ta hanyar aikin da ake kira wahala: kwafe lissafi, bin buhu ɗaya-ɗaya, maimaita jimla har ta daidaita. A nan idonsa ke koyon gane lambar da ba ta zauna daidai ba. Wannan aikin ne farkon wanda ake cewa a miƙa wa na'ura, sannan a ce mutum ya riƙa duba abin da ta fitar. Wanda bai taɓa yin lissafin da hannunsa ba, ba shi da abin da zai duba da shi. Gidan da ya bi wannan hanya zai ci moriyar tsofaffin ma'aikatansa na 'yan shekaru, sannan ya wayi gari ba magaji.

Batun sirri ya fi nauyi a ƙasar da ake yaƙi. Sunayen masu bin bashi, yawan kuɗin da ke hannu, ranar da mota za ta tashi zuwa Port Sudan da hanyar da za ta bi, bayanai ne da fitarsu kan jawo fashi ko asarar rai. Akawun da ya liƙa su a manhajar kyauta don ta tsara masa jadawali ya aika da su ga kwamfutocin wani kamfani a wata nahiya, ya kuma bar kwafinsu a wayar da za a iya ƙwacewa a shingen bincike.

Wannan ba kira ba ne a yi watsi da manhajojin. Suna da amfani na gaske a inda kuskure ke da arha kuma ake iya gano shi nan take: tsara wasiƙa da Turanci ga mai sayen riɗi a ƙasar waje, wadda wanda ya ji harshen zai karanta kafin a aika; taƙaita doguwar sanarwar kwastan kafin wakili ya tabbatar da ita; koya wa yaro amfani da jadawalin lissafi a kwamfuta. Wuce wannan iyaka ne ke jawo nadama. Kamfanin Klarna na Sweden ya yi shelar a Fabrairu na 2024 cewa manhajarsa na yin aikin ma'aikata 700 masu amsa ƙorafi. Zuwa Mayu na 2025 shugabansa, Sebastian Siemiatkowski, ya amsa cewa fifita rage kashe kuɗi ya rage ingancin aikin, ya koma ɗaukar mutane. Kamfani ne mai wadatar wuta da intanet da injiniyoyi, duk da haka ya ja da baya.

Ga gidan fatauci a Gallabat tsarin ya kamata ya juye. A fara daidaita littafi, a rubuta ma'auni da kalanda da farashin canji a jikin kowace takardar ciniki, a ajiye kwafin da ba ya bukatar layi. Bayan haka a zaɓi aiki guda, a sa sunan mutumin da zai duba abin da na'ura ta fitar ya kuma amsa in an samu kuskure. Awo, bashi, da ranar tashin mota su zauna a hannun akawu da dillali da maigida.