Bayan Aku Ya Yi Shiru, Sai Me?

Sanin kowa ne cewa babu abin da ke ƙona ran ɗan kallo kamar a ce ana tsakiyar rikici a fim, asiri na gab da tonuwa, sai kawai rubutu ya fito a talabijin wai a tara a kashi na biyu. Nan take tsaki zai kaure ɗaki, wani har ya rantse ya daina kallon finafinan wannan kamfanin. Ƙarya yake yi, ranar da na biyun ya fito shi ne farkon zuwa shagon haya. To amma akwai wani ciwon da ya fi wannan, wanda ba a cika maganarsa ba, wato ranar da labari ya ƙare ƙurmus, babu kashi na gaba, babu abin jira. Masu karatun littafi sun fi kowa sanin wannan ciwo, musamman yaran da suka bi Magana Jari Ce tun daga littafi na ɗaya har zuwa shafin ƙarshe na littafi na uku.

Ga wanda bai sani ba, marigayi Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta littattafan nan uku. An haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Yana malamin makarantar Midil ta Katsina aka gayyace shi Zariya, ofishin talifi da Dokta Rupert East ke shugabanta, ya zauna ya yi aikin a 1936, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Don 'yan makaranta aka yi su, ga shi kuwa shekara fiye da 80 ke nan yara ba su daina karanta su ba.

Ɗauki misalin yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare a garin Kibiya. Littafi na ɗaya a cikin akwatin babanta ta tsince shi, bangon ya yage, takardun sun yi ja. Na biyu a hannun wata ƙawarta 'yar Tarai ta ara, da sharaɗin kwana uku. Na ukun ne ya zama aiki. A irin garuruwan nan ba kowane gida ke da duka ukun ba, sabo kuwa galibi sai an yi saƙo Kano. Sai da ta jira hutu ya zo, yayanta da ke karatu a Rano ya dawo mata da shi cikin jakar kayansa. Kullum ta gan shi tambayar ke nan: “Yaya, ka samo mini?” Shi kuma ya ce, “Ke dai kin cika naci, sai ka ce abinci.”

To, an samo. Ta zauna kansa dare da rana, a dafa tuwo tana karatu, a aike ta tana karatu, har Inna ta fara barazanar jefa shi cikin murhu. Kwana biyar ta kai ƙarshe. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, maimakon ta tashi tana tsalle, sai ta rufe littafin ta yi zuru. In aka tambaye ta ko bai yi daɗi ba ne, sai ta ce ya yi. To me ya faru? Sai ta ce ita ma ta rasa yadda za ta faɗa.

Murna dai akwai ta. Yaron da ya gama littafi uku cur da kansa, ba malami ya tsare shi da bulala ba, ya yi abin a yaba masa. Yanzu in ana hirar Kalala da Kalalatu, ko Sahoro da Sahorama, ba za a bar ta a baya ba. Ta san yadda aka fara, ta san yadda aka ƙare, har ma tana iya gyara wa wanda ya kwaɓa labarin.

Akwai kuma ɗan haushi, wanda masu ƙaunar littafin ba su cika son a faɗa ba. Littafi na ɗaya da fargaba ake karanta shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, ga Waziri na ƙulla makircin da zai hallaka yaron da zarar ya fita. Musa kuwa ya ƙi zama, so yake ya bi Mahmudu fagen fama. Ba abin da ya rage tsakaninsa da halaka sai bakin Aku, wanda ke ɗauke masa hankali da labari har gari ya waye. Kowane labari a nan ran mutum yake karewa. A littafi na biyu Aku ya zama Waziri, sai gasa tsakaninsa da wani akun mai suna Haziƙ, a ga wanda ya fi iya magana. Nan ma akwai abin jira, tunda dole wani ya kā da wani. Amma a na uku babu yaƙi, babu gasa. Waziri Aku ne ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari. Labaran na da daɗi, sai dai zuciya ba ta bugawa kamar da. Yarinyar da ta yi wata biyu tana jiran wannan littafin dole ta ji kamar an rage mata wani abu.

Babban abin kuwa shi ne kewa. Wata da watanni ta saba, in ta idar da sallar isha'i akwai inda za ta je, akwai masu jiranta. Yau babu. Aku ya yi shiru, fada ta watse, kamar gidan biki kwana biyu bayan an kai amarya. Tana iya komawa farko ta sake karantawa, kuma za ta yi, amma ta riga ta san Musa ba zai fita ba. Fargabar nan ta karatun farko sau ɗaya ake samunta a rayuwa, kuma ta riga ta kashe tata.

Wannan hali ba a ƙasar Hausa kaɗai ake shiga cikinsa ba. A Ingila, J.K. Rowling ta fitar da littafin farko na Harry Potter a 1997, na bakwai kuma na ƙarshe ya fito ranar 21 ga Yuli, 2007. Yaran da suka fara karatun suna firamare, kafin a gama sun zama samari da 'yanmata. Sun yi layi a ƙofar shagunan littattafai da tsakar dare don su saya, wasu suka cinye shi a kwana ɗaya, sannan suka zauna suna jimami. Masu fim sun lura da haka, suka raba littafin ƙarshe gida biyu, kashi ɗaya a 2010, ɗaya a 2011, finafinan suka zama takwas. Duk da haka ranar rabuwa ta zo. Bambancin kawai shi ne su waɗancan tare da jaruminsu suka girma, shekara goma ana tafiya, yaron Kibiya ko Rano kuwa a hutu ɗaya yake iya haɗiye nasa duka, in Allah ya sa ya samu littattafan.

Sai dai duk wanda ya natsu ya dubi littafi na uku zai ga Imam ya san abin da yake yi. Ya san mai karatu zai kai wurin da Aku zai daina magana, shi ya sa bai rufe littafin ba sai da ya nuna yadda ake sana'ar. Darasin da ake ba Fasih, wanda ke riƙe da littafin ake ba. Shi kansa Imam haka ya yi. Manazarta sun nuna cewa da yawan labaran ya samo su ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, da sauransu. Hatta dabarar aku mai tsare mutum a gida da labari, asalinta daga wani tsohon littafin Indiya ne da ya bi ta Farisa. Masoya finafinan Indiya sai su ji da kyau, aron labari daga can ba yau aka fara ba! Amma Imam bai kwafo ya ajiye ba. Ya sa wa labaran rawani da babbar riga, ya ba su bakin Hausa, har yaro ya rantse a bayan gidansu abin ya faru.

Saboda haka kewar nan tana da amfani. Yarinyar da ta rasa abin karantawa, ba a jima ba za a same ta a tsakar gida ta tara ƙannenta tana ba su labarin da ta karanta. In ta manta wani wuri sai ta cike da nata. Ran nan ta sa wa ɓarawon labarin sunan wani maƙwabci, gobe ta mayar da dajin ya zama duwatsun Rurum. Marubuta da masu tsara labarin fim da yawa daga irin wannan zaman suka faro. Da labarin bai ƙare ba, da har yanzu tana zaune tana jiran a ba ta.

A nan ne maganar ta shafi 'yan fim. A da, kashi biyu ko uku ake yi wa fim a kaset, a gama. Daga baya aka koma masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, Aminu Saira ya fito da Labarina a 2020, aka kuma cika YouTube da irinsu. Jama'a sun karɓe su hannu bibbiyu, ba laifi. Matsalar tana wurin furodusan da ya ga kasuwa ta buɗe, sai ya ƙi sauke labarin da ya riga ya gaji. A kashe mutum a dawo da shi, a raba aure a mayar, a sake rabawa, har ɗan kallo ya daina tambayar ranar fitowar na gaba. Masu iya magana sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, to tashi da wuri ma haka yake. Gara a rufe labari 'yan kallo na kewarsa, da a ja shi har su watse su bar shi yana magana shi kaɗai. Imam littafi uku ya yi ya ajiye alƙalami, a 1939 ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, bai koma ya yi na huɗu ba.

Abu na biyu, ina finafinan yara? Gidan talabijin na NTA Kaduna ya taɓa mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, inda marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya nuna gwanintarsa. Kamfanin Sarauniya na Kano ma ya ɗauko tatsuniyar Daskin Da Riɗi ya yi fim da ita, jama'a suka yi ta rububi. Amma in aka ƙirga irin waɗannan aka ƙirga na soyayya, abin kunya ne. Yaro ya gama Magana Jari Ce, ya waiwaya neman wani abu makamancinsa da harshensa, sai ya tarar da katun na Turawa ko fassarar Indiya a wayar yayansa.

Alhali kuwa kayan aiki na nan jibge. Rano kanta ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, har yau Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari. A cikin labarin kafuwar ƙasashen nan akwai baƙo daga gabas, akwai sarauniyar Daura, akwai macijin da ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu, akwai 'ya'yan Bawo da aka raba wa kowa aikinsa, Kano da Rano suka zama sarakunan baba, wato masu rini. Wane darakta ne zai ce wannan bai isa fim mai kashi bakwai ba? Wurin ɗauka ma ba sai an je nesa ba, ga duwatsu a ƙasar Rano, ga ruwan Tiga kusa. Yaron Fammar ko Durba da zai ga dutsen da ya sani a cikin fim irin wannan, ai ba zai taɓa mantawa ba.

Kafin 'yan fim su farka, wanda ya gama Magana Jari Ce yana da inda zai nufa. Ruwan Bagaja na Imam ɗin dai, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, yana nan da Alhaji Imam da Malam Zurƙe, dariya har ciwon ciki. Akwai Ganɗoki na yayansa, Malam Bello Kagara, mai yaƙi da tafiya ƙasar aljanu. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Mai son labarin sararin samaniya kuma ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Babu wanda zai maye gurbin Aku a cikinsu, kuma kowannensu shi ma ƙarewa zai yi, a sake shiga wata kewar. Haka abin yake.

Shawara ɗaya ga duk wanda ya kai shafin ƙarshe: kada a jefa littafin ƙasan akwati gara ta cinye. A ɗinke bangon, a haɗa ukun wuri ɗaya, a miƙa wa ƙane ko ƙanwa. Amma don Allah kada a gaya musu ko Musa ya fita ko bai fita ba, a bar su su sha tasu fargabar. Iyaye kuma da ke shiga Kano saro kaya, in an sayo na ɗaya, a daure a haɗo da na biyu da na uku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.